Yadda Mirra Andreeva ta kai sahun manya tun ba ta cika shekara 18 ba

Tambaya: Malam, a watan Maris na 2025 na kalli wata yarinya 'yar Rasha, Mirra Andreeva, ta doke ta biyu a duniya, ta kuma doke ta ɗaya a gasar tanis ta Indian Wells, aka ce shekarunta 17. Daga ina ta fito haka kwatsam? Baiwa ce kawai, ko da abin da ba mu gani ba? Sannan ba an ce an hana 'yan Rasha shiga wasanni ba?

Amsa: Ɗan'uwa, ba kwatsam ta fito ba. Ranar da ka gan ta a Indian Wells ta fi shekara goma da raket a hannu, kuma masu bin tanis sun kusa shekara biyu suna zancenta. Baiwa kam akwai ta, babu musu. Sai dai yara masu ƙarfin bugu da gudu suna da yawa a makarantun tanis na Turai da Amurka. Abin da ya fifita Mirra a kan sa'o'inta kanta ne, wato yadda take karanta wasa. Kuma a wannan kan ne babbar matsalarta take, kamar yadda za ka gani.

Bari in sallami maganar hani tukuna, don gajeriya ce. Tun watan Maris na 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Yukren, hukumomin tanis suka dakatar da Rasha da Belarus daga gasannin ƙasashe, irin su Davis Cup da Billie Jean King Cup. Amma 'yan wasa ɗaiɗaiku an bar su su ci gaba, sai dai ba tuta ba sunan ƙasa. Shi ya sa idan ka lura a talabijin, gefen sunanta fayau yake. Gasar Wimbledon ta Ingila ce ta hana su gaba ɗaya a 2022, ta kuma janye hanin a 2023. Ke nan tun daga wasanta na farko a gasar WTA, hukumar tanis ta ƙwararrun mata, Mirra ba ta taɓa ganin tutar ƙasarta kusa da sunanta ba.

An haife ta ranar 29 ga Afrilu, 2007, a Krasnoyarsk, babban birni ne a bakin kogin Yenisei a tsakiyar Saberiya, fiye da kilomita 3,000 daga Mosko. Gari ne da hunturunsa ke cinye kusan rabin shekara, don haka yaro mai son tanis sai dai filin cikin ɗaki, su kuma filayen ba yawa gare su ba. Mirra da kanta ta ba da labarin cewa mahaifiyarta ta kamu da son wasan ne lokacin da ta kalli Marat Safin, ɗan Rasha, ya ci gasar Ostireliya a 2005. A lokacin yayarta Erika, wadda aka haifa a 2004, jaririya ce, Mirra kuwa ko cikinta ba a yi ba. Erika aka fara kaiwa fili, ƙanwa ta taso tana bin ta, ta fara bugawa tana shekara shida.

Wannan zama ƙanwa ba ƙaramin abu ba ne a wurin mai koyar da tanis. Yarinyar da ta tashi tana bugawa da wadda ta girme ta da shekara uku, kullum ƙwallo tana zuwar mata da ƙarfin da ya fi nata. Ba za ta iya cin yayarta da ƙarfi ba, dole ta nemi dabara: ta ɗaga ƙwallo sama, ta sauya gudu, ta jira kuskure. Haka Serena Williams ta taso a bayan yayarta Venus, haka Andy Murray ya taso a bayan Jamie. Ni a ganina, a nan tushen salon wasan Mirra yake.

Daga Krasnoyarsk iyalin suka kwashe zuwa Sochi a bakin Baƙin Teku, inda yanayi ke barin mutum ya yi wasa a waje yawancin shekara. Daga baya, a 2022, 'yan matan biyu suka koma Cannes a kudancin Faransa, makarantar Elite Tennis Center ta Jean-René Lisnard, inda Daniil Medvedev ma ya samu horo. Wannan hanya tsohuwa ce ga 'yan tanis ɗin Rasha. Maria Sharapova ma a Saberiya aka haife ta, a garin Nyagan a 1987, ta bi ta Sochi, sannan mahaifinta ya ɗauke ta zuwa Florida tana shekara bakwai. Safin ya tafi Valencia yana ɗan 14, Svetlana Kuznetsova ta tafi Barcelona. Rasha tana da masu koyar da yara tushen bugu na ƙwarai, shi ya sa a 2004 matansu suka kwashe uku daga cikin manyan gasanni huɗu na shekara, a wasannin Olamfik na Beijing a 2008 kuma suka haɗa zinare da azurfa da tagulla. Amma sanyi da nisa da ƙarancin ƙananan gasanni suna tilasta wa mai son kaiwa sama ya bar gida. Idan ka ji an ce baiwa, ka tuna da iyayen da suka tayar da gidansu daga wannan gari zuwa wancan saboda yara biyu da ba a san ko za su ci ko sisi a wasan ba.

Tanis ɗin ƙwararru tsani ne. A ƙasa akwai gasannin ITF, hukumar tanis ta duniya, irin waɗanda aka sha yi a Legas, inda kuɗin lada bai cika biyan kuɗin jirgi da masauki ba. A sama akwai na WTA masu daraja 250 da 500 da 1000, sannan manya huɗu: Ostireliya, Roland Garros ta Faransa, Wimbledon da US Open ta Amurka. Kowace nasara tana da maki, ana tara makin mako 52, da shi ake jera 'yan wasa, jerin kuma shi ke buɗe maka ƙofar gasar gaba. Mirra ta fara cin kofunan ITF a 2022 tana shekara 14 zuwa 15. A watan Oktoba na shekarar aka ba ta damar shiga gasar WTA ta farko a Monastir ta Tunisiya, inda Anastasia Potapova ta fitar da ita da ƙyar a saiti uku. (Wasan tanis saiti-saiti ake yinsa, kowane saiti kuma gem-gem; a wasan mata wadda ta fara cin saiti biyu ita ta yi nasara.)

A Janairun 2023 ta kai wasan ƙarshe na yara a gasar Ostireliya, ta haɗu da ƙawarta Alina Korneeva, wadda suke haɗa gwiwa a wasan 'yan bibbiyu. Sun haura awa uku a fili. Mirra ta ci saitin farko, ta rasa biyun da suka biyo, na ƙarshe da 7-5, ta tsaya wurin ba da kofi tana sharɓar kuka. Wata uku bayan haka ta ci kofunan ITF biyu a jere a Suwizalan, a Chiasso da Bellinzona, duka a filin jar ƙasa, kuma da manyan mata ta buga ba yara ba.

Sai Madrid. Tana matsayi na 194 a duniya, matsayin da ba zai shigar da ita gasa mai daraja 1000 ba, sai aka ba ta tikitin alfarma. A nan ga wani abu da mai kallo daga gida ba ya gani: kamfanin IMG da ke kula da harkokinta shi ne mai gasar a lokacin. Tanis yana da irin wannan, kuma yara da yawa masu hazaƙa ba sa samun wanda zai buɗe musu ƙofa. Sai dai tikiti ƙofa kawai yake buɗewa, ba ya buga wa kowa ƙwallo. Mirra ta doke Leylah Fernandez, wadda ta kai wasan ƙarshe na US Open a 2021. Ta doke Beatriz Haddad Maia ta Burazil. Ranar da ta cika shekara 16 cif ta doke Magda Linette ta Polan. Biyun nan na baya suna cikin 20 na farko a duniya a lokacin. Aryna Sabalenka ce ta tsayar da ita a zagaye na huɗu, ta nuna mata akwai sauran tazara tsakanin yarinya da ƙarfin babbar mace.

A nan ya kamata in tsaya a kan wata doka da ba a cika ambata ba, alhali ta yi tasiri a kan duk abin da ya biyo baya. A 1990 Jennifer Capriati ta shiga tanis ɗin ƙwararru tana shekara 13, ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Roland Garros tana 14, ta ci zinaren Olamfik a 1992. Kafin ta kai 18 ta gaji, ta bar wasa, rayuwarta ta shiga ruɗani, sai bayan shekaru ta dawo. Kafin ita, raunuka sun gajarta zamanin Tracy Austin da Andrea Jaeger. Saboda haka a 1995 hukumar WTA ta kafa dokar shekaru. Wadda ba ta kai 14 ba, babu ita babu gasar ƙwararru. 'Yar 14 gasa takwas a shekara, 'yar 15 goma, 'yar 16 sha biyu, 'yar 17 sha shida, da ɗan ƙari ga wadda ta taka rawar gani. Sai a 18 ake sakin mara. Wasu na ganin dokar tana danne yara masu hazaƙa, an yi wannan muhawara sosai a kan Coco Gauff a 2019. Ni dai ina bayan dokar ɗari bisa ɗari. Jikin yarinya 'yar 16 bai gama ginuwa ba, kafaɗa da ƙugu da gwiwa ba za su jure gasa 25 a shekara a nahiyoyi huɗu ba. Dokar ta tilasta wa Mirra zaɓen inda za ta je, ta bar mata makonni na horo tsakanin gasa da gasa, lokacin da ake gyara bugu a ƙara ƙarfin jiki. Kuma ta sa hawan nata ya fi ban mamaki, don da gasanni kaɗan ta tara makin da wasu ke yawon shekara guda suna nema.

A Roland Garros na 2023 ta bi ta wasannin share fage, ta kai zagaye na uku, ta ci Gauff saitin farko kafin ta faɗi 6-1, 6-1. A wasan nan ne ta fusata ta dirka ƙwallo cikin 'yan kallo. Gargaɗi aka yi mata, amma da ƙwallon ta ji wa wani ciwo, kora ce daga gasar. A Wimbledon, wadda ita ce gasarta ta farko a filin ciyawa, ta sake bi ta share fage har zagaye na huɗu. Tana gaban Madison Keys da saiti ɗaya da 4-1, nasara na hannunta, sai wasa ya juya. Ta jefar da raket aka gargaɗe ta. Daf da ƙarshe ta zame, raket ya sake bugun ƙasa, alƙaliyar wasa ta ce jifa ne ta cire mata maki, makin da ya kai Keys bakin nasara. Mirra ta ƙi ba alƙaliyar hannu, aka ci ta tarar dala 8,000. Ana iya jayayya ko jifa ne ko zamewa, amma da ba ta yi na farkon ba, na biyun gargaɗi kawai zai zama. A ƙarshen shekarar WTA ta ba ta lambar sabuwar 'yar wasa mafi fice.

To mene ne take yi a fili da ya bambanta? Tsayinta mita 1.75, ba ta cikin dogaye, kuma a shekarun farko sabis ɗinta, wato bugun da ake fara neman kowane maki da shi, ba abin tsoro ba ne. Makaminta na farko bugun bayan hannu da take yi da hannu biyu. Tana iya riƙe shi a kusurwa sau biyar ko shida, sannan ba tare da jikinta ya nuna alama ba ta miƙe shi ta gefen layi. Sauya wa ƙwallo hanya haka yana cikin abubuwa mafi wuya a tanis, don ragar ta fi tsayi a gefe kuma filin ya fi gajarta ta can. Na biyu, tana hango inda ƙwallo za ta tun kafin a buga, daga yadda abokiyar karawa ta ajiye ƙafa da kafaɗa, shi ya sa za ka ga kamar ba ta gudu amma kullum tana wurin. Na uku, ba ta ba mai ƙarfi irin ƙwallon da take so. 'Yan wasa irin su Sabalenka da Elena Rybakina sun fi son ƙwallo ta zo musu daidai ƙugu da gudu iri ɗaya. Mirra za ta aiko wata sama da kafaɗa, ta yanko wata ta zame ƙasa-ƙasa, ta ajiye wata a bakin raga, in an matso ta ɗaga ta wuce kai. Kamar gogaggen ɗan dara ne, wanda yake ajiye ɗa a rami yanzu saboda cin da zai yi bayan motsi uku. Masu sharhi sun sha kwatanta ta da Martina Hingis, kuma kwatancen ya yi daidai ta fuskar basira, sai dai zamanin yanzu ya fi na Hingis buƙatar ƙarfi, dole Mirra ta ƙara shi.

Shekarar 2024 ta buɗe da abin da ya girgiza mutane. A gasar Ostireliya a Melbourne ta doke Ons Jabeur ta Tunisiya, wadda take kallo a matsayin gwanarta, da 6-0, 6-2 cikin ƙasa da awa guda. A zagaye na gaba tana bayan Diane Parry da 5-1 a saitin ƙarshe, saura maki ɗaya a fitar da ita, ta farfaɗo ta ci wasan. Yarinyar da fushi ya kayar a Wimbledon wata shida baya, ita ce ta yi wannan, kuma duka biyun halinta ne.

A watan Afrilu ta ɗauki Conchita Martínez ta Sifaniya a matsayin mai horar da ita, kuma a ganina wannan ne mataki mafi muhimmanci da aka ɗauka a rayuwar wasanta. Martínez ta ci Wimbledon a 1994 a hannun Martina Navratilova, ta kuma jagoranci Garbiñe Muguruza zuwa kofin Wimbledon a 2017. Ita ma a zamaninta da dabara da sauya bugu ta yi suna, don haka ba ta zo ta mayar da Mirra mai dukan ƙwallo ido rufe ba. Ta bar mata salonta, ta ƙara mata ƙarfin sabis da ƙwarin gwiwar kai hari da bugun gaban hannu idan dama ta samu. Ta kuma san nauyin shahara a ƙuruciya, don ita ma tun tana budurwa ta shiga sahun manya.

Wata biyu da haɗuwarsu Mirra ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Roland Garros, bayan ta doke Sabalenka 6-7, 6-4, 6-4. Gaskiya Sabalenka ba ta da lafiya ranar, ciki ya dame ta, amma cin maras lafiya mai ƙarfi irin nata ma sai da natsuwa. Tun Hingis a 1997 ba a samu mai ƙarancin shekarunta da ta kai wannan mataki a babbar gasa ba. Washegari Jasmine Paolini ta gama da ita 6-3, 6-1, tsoron fage ya kama ta ƙarara. Bayan wata guda aka fitar da ita a zagayen farko na Wimbledon, a hannun sa'arta Brenda Fruhvirtova. Sai ta je Iași a Romaniya ta ci kofin WTA na farko, ta wuce Faris ta ci azurfar Olamfik a wasan 'yan bibbiyu tare da Diana Shnaider, ba tuta ba take. A Wuhan ta haɗu da yayarta Erika, ta kasa sakin jiki, Erika ta ci 6-3, 6-1. A Ningbo ta faɗi wasan ƙarshe a hannun Daria Kasatkina, ta fashe da kuka, Kasatkina ta rungume ta tana lallashi. Na jero maka waɗannan ne don ka ga shekarar ba ta tafi sumul ba.

Abin da ka kalla kuwa ya fara ne a Dubai, Fabrairun 2025. A mako guda ta doke mata uku da suka taɓa cin manyan gasanni: Marketa Vondrousova, Iga Swiatek da Rybakina, sannan ta ci Clara Tauson 7-6, 6-1 a wasan ƙarshe. Tun da aka kafa rukunin gasanni masu daraja 1000, irin wannan ta Dubai, a 2009 ba a samu mai ƙarancin shekarunta da ta ci ɗaya ba. Makin 1000 da ta samu ya shigar da ita cikin goma na farko, abin da 'yar shekarunta ba ta yi ba tun Nicole Vaidisova a 2007. A Indian Wells ta sake doke Rybakina da Swiatek, ta biyu a duniya, sannan ta ɗaya, Sabalenka, wadda ta ci ta sau biyu a watan Janairun shekarar, a Brisbane da Melbourne. Sabalenka ta ci saitin farko 6-2. Da Mirrar 2023 ce, nan wasa ya ƙare. Wannan karon ta zauna a hutun sauya gefe, ta buɗe ɗan littafin da take rubuta dabarun kowane wasa a ciki, ta dawo ta matsa baya kaɗan wajen karɓar sabis, ta riƙa tsawaita musayar bugu har Sabalenka ta fara zubar da ƙwallo. Ta ci 6-4, 6-3. Rabon da a ga mai irin shekarunta ta ɗaga kofin nan tun Serena Williams a 1999. Ita da kanta ta faɗa cewa tana aiki da masaniyar halayyar 'yan wasa, kuma alamar aikin ta fito a wannan rana.

Amma kar ka ɗauka an gama da matsalar. A Yunin 2025, tana da wata guda da cika 18, ta haɗu da Loïs Boisson a kwata fainal na Roland Garros. Boisson 'yar gida ce, tana matsayi na 361 a duniya, ta shigo da tikitin alfarma, kuma dubban 'yan kallo suna bayanta. Mirra ta shiga gaba a saitin farko ta rasa shi, ta yi 3-0 a na biyu, sai ihun jama'a ya shige mata kai. Ta sake dirka ƙwallo cikin 'yan kallo, aka gargaɗe ta, ta rasa gem shida a jere. Ba bugu ne ya kayar da ita ba, don a bugu ta fi Boisson nesa ba kusa ba. Wata guda bayan nan ta kai kwata fainal a Wimbledon, Belinda Bencic ta ci ta 7-6, 7-6, kuma makin da ta samu ya kai ta matsayi na biyar a duniya.

Daga ranar 29 ga Afrilu, 2025, dokar shekaru ta daina kare ta. Za ta iya shiga duk gasar da ta ga dama, ga kuma gasannin da WTA ke wajabta wa manyan 'yan wasa, ga maki masu yawa da dole ta kare duk shekara, ga abokan karawa da suka zauna suka nazarci bidiyonta. Idan za ka kalle ta nan gaba, ka bar allon maki ka duba abu biyu. Ka duba sabis ɗinta na biyu idan wasa ya yi tsanani, ko tana buga shi da ƙarfin hali ko tura shi kawai take yi. Sannan idan tana gaba aka kamo ta, ka duba gem biyun da za su biyo baya, ko za ta koma ga dabararta ko za ta fara juyawa wajen Martínez tana magana da hannu.